Takaba a Kan Kwalta

Ni ce matar da ta fita titi da takaba a kanta. Har yau in na shiga gidan biki ko na suna a garinmu, sai na ga wata ta taɓa ta kusa da ita da gwiwar hannu, ta nuna ni da baki. Ba na ɓuya, ba na kuma jin kunya. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ba da labarin a guntule, a ce wai wata Kirista ce ta hure mini kunne. Kunnena ba ya huruwa da sauƙi, duk wanda ya zauna da ni ya san haka. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda aka yi da hannuna.

Garinmu ƙarami ne, yana kan kwaltar da ta taso daga Anka ta nufi Gummi. Mahaifina malami ne ɗan malamai, irin waɗanda ake tasowa daga ƙauyuka a zo a tambaye su rabon gado da hukuncin saki. Malam muke ce masa, har mu da ya haifa. Na yi karatun allo a gabansa, na taɓa littattafai, sannan na yi boko har na zama malamar firamare. Maigidana kuwa makaniken injin ban-ruwa ne. In injin wani ya tsaya a fadama, shinkafa tana neman ƙonewa, shi ake aika wa, ya ɗaure jakar ƙarafansa a bayan babur ya tafi. Mutum ne mara yawan magana. Yakan ce Allah ya haɗa mu ne don gidan ya daidaita, tunda ni na riga na kwashe rabon maganar mutum biyu.

Katangarmu ɗaya da Sista. Ma'aikaciyar jinya ce, 'yar ƙasar Zuru, Kirista, ta fi shekara ashirin a garin, kuma ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana uku. Kiristocin garin ba su da yawa, galibi ma'aikata ne da masu shago, cocinsu ɗaki ne guda na kwano a bayan tasha. Abin da ya haɗa ni da ita, bayan katanga, gardama ce. Da la'asar in ta taso daga aiki sai ta zagayo da tiren wakenta tana tsinta, ni ina gyaran ganye, mu ɗauko wata magana mu yi ta ja har a kira magariba.

Gardamar da muka fi daɗewa a kanta ita ce ta zanga-zanga. A shekarar da matasa suka fita a birane saboda tsadar abinci, ni ina tare da su ɗari bisa ɗari, ko da yake daga tsakar gida nake nawa goyon bayan, kunnena a jikin rediyo. Sista ta ƙi. Ta ce a littafinsu an koyar da cewa ba mai hawa mulki ba da sanin Allah ba, don haka wanda ya yi wa hukuma tawaye da tsarin Allah yake ja. Ta ce Annabi Isa, wanda su suke kira Yesu, ya zauna a ƙarƙashin mulkin da ya fi namu zalunci, bai taɓa tara jama'a a tare hanya ba. Har cewa ya yi a biya haraji, kuma in an mari mutum a kunci ɗaya ya juya ɗayan. Na ce mata ai ni ma na ji wani fasto a rediyo yana cewa Annabi Isa ya taɓa shiga wurin ibada ya kifar da teburan 'yan canji, ya kora su waje. Ta ce wannan ɗakin Allah ne, ba sakatariya ba. Na ce to azzalumi a ɗakin Allah da azzalumi a sakatariya, wane ne ya fi wani tsarki? Ta ce bakina ya fi ƙarfinta, amma wannan bai sa na yi gaskiya ba.

Wata rana Malam ya zo duba jikoki ya tarar da mu a kai. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya saurara, sannan ya ce Kiristar nan ta fi ni fahimtar karatun da ya koya mini. A wurinsa fita a kan shugaba fitina ce, ɓarnar da take jawowa ta fi wadda ake son gyarawa. Abin da ya sani shi ne nasiha a asirce, da haƙuri, da addu'a. Sista ta yi kwana uku tana yi mini dariya, tana kirana ɗiyar Malam da ta faɗi jarrabawa. Na ce su je su buɗe makaranta tare.

Bayan nan da kamar shekara guda, ranar wata Alhamis cikin rani, aka kira maigidana wani ƙauye a bayan Zugu. Sun tafi da safe su huɗu a babura biyu, don a lokacin ba mai bin hanyar shi kaɗai. Da azahar mutum ɗaya ya dawo a ƙafa, ko takalmi babu. 'Yan bindiga sun tare su a gangaren wani busasshen rafi. Shi ya tsira ne don ya faɗa rami ya lafe. Ya jira har maharan suka tafi da baburan, ya fito ya taɓa sauran ukun ɗaya bayan ɗaya. Ya rantse a gaban Malam cewa babu mai numfashi. Ya ce ya ja su ƙarƙashin wani kalgo ya rufa musu rassa, iyakar abin da ya iya ke nan.

Malam ya karɓi shaidarsa, ya shigo da kansa ya gaya mini. Ya ce takaba ta hau kaina daga wannan sa'a, wata huɗu da kwana goma a ɗakin mijina. Inna, mahaifiyata, ta cire mini 'yan kunne da warwaro, ta ba ni tsohon zane da hijabi mara ado. Ta kuma danƙa mini 'yar ƙaramar wuƙa, ta ce kada in rabu da ita ko bayi zan shiga. Haka mata ke yi a wurinmu, wai don kada wani mugun abu ya kusanci mai takaba. Malam ya sha faɗa cewa wuƙar nan ba ta cikin littafi, amma bai taɓa iya raba Inna da ita ba. Na karɓa ban yi musu ba. A ranar ko dutse aka ba ni zan riƙe.

Mutuwar na karɓe ta, Allah ne shaidata. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne an shimfiɗa tabarmi ana karɓar gaisuwa, mamacin yana kwance a daji. Ba mai iya zuwa ɗauko su sai da rakiyar masu bindigar gwamnati, don maharan sun saba yi wa masu ɗaukar gawa kwanton ɓauna. Na roƙi Malam ko salla ce a yi masa daga nan, kamar yadda na ji wasu suna yi. Ya ce a karatun gidanmu ba a sallar gawa sai gawa tana gaban liman, kuma ba zai canja hukunci don abin ya zo kan surukinsa ba. Ya faɗa idonsa jajir. Na san yana son mutumin nan kamar ɗan cikinsa, amma a lokacin haushinsa na ji.

Ranar Juma'a dattawa suka je wurin hukuma, aka ce babu mai a mota. Asabar suka koma suka ce su za su zuba man, aka ce wanda zai ba da umarni ya yi tafiya. Ba zan faɗi ko wane ofis ne ba, su sun san kansu. Ni ina zaune a ɗaki ina jin ranar da ke dukan kwano, ina tunanin abin da irin wannan rana take yi wa jikin mutum. Na kuma san akwai karnuka da ungulu a dajin. Duk matar da ta shigo ta ce in yi haƙuri sai in ce na gode.

Asabar ɗin da yamma wata tsohuwa ta shigo, uwar ɗaya daga cikin mamatan, mai sayar da busasshen kifi a tasha. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta ce maza sun yi iyakar nasu. Ranar Litinin da safe mata za su zauna a kan kwalta, ba motar da za ta wuce Gummi ko ta nufi Anka sai an ba da rakiya. Ta ce ta san ina takaba, ba ta ce in zo ba, ta dai gaya mini. Inna ta raka ta har ƙofa da harara.

Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci Sista ta shigo, da kayan zumuntar matan cocin da take shugabanta a jikinta, zane da ɗankwali iri ɗaya. Tun Alhamis kullum tana gidan, ita ke dafa wa yarana abinci, amma ran nan fuskarta daban take. Ta zauna ta ba ni labari. Fastonsu ya ji maganar Litinin, ya tsaya a gaban jama'a ya ce kada ya ga ɗan coci ko ɗaya a titi. Ya karanto musu wurin biyayya ga masu mulki, wurin da ita kanta take kafa mini hujja da shi. Ya ƙara da abin da ba ya cikin littafi. Ya ce su 'yan tsiraru ne, in abu ya lalace aka ƙona mota ko aka yi harbi, cewa za a yi arna ne suka kawo fitina, cocinsu kuwa ashana ɗaya ta ishe shi. Sista ta ce ba ta ga laifinsa ba, mutum ne mai iyali, kuma tsoron nasa ba na banza ba ne.

Duk da haka ta ɗaga hannu a tsakiyar coci, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tuna masa wani labari da shi da kansa ya karantar da su, na wata mata da mijinta ya mutu, da wani alƙali mara tsoron Allah, mara ganin girman mutane. Matar ta yi ta zuwa a bi mata hakkinta, yana korarta tana dawowa, har ya gaji ya yi mata shari'a don ya huta da nacinta. Sista ta ce Yesu ne ya ba da labarin, kuma bai kira matar mara kunya ba. Fasto ya ce labarin a kan naci wajen addu'a yake, ba a kan tare hanya ba. Ta ce ta yarda, amma da abin da matar ta yi mugun abu ne, da ba a yi misalin addu'a da shi ba. Nan coci ya rabu biyu. Wani mai shagon magani ya ce ai Musa ma gaban Fir'auna ya je ya tsaya. Wata ta ce shi Allah ne ya aike shi, su wa ya aike su? Aka tashi kowa ransa a ɓace.

Na ce mata, to ke da kike cewa a juya kunci fa?

"Kuncina anka ce in juya," in ji ta. "Kwana ukku ina biɗa, ban ga inda anka ce in kama kan maƙwabciyata in juya mata nata ba."

Na ce a kira mini Malam daga zaure. Ya shigo ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, Sista ta sauka daga kujera ta durƙusa kamar yadda take yi masa kullum. Na gaya masa gobe zan fita. Ban roƙa ba, ban kuma ɗaga murya ba.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce mai takaba tana fita don larura, ta je asibiti, ko ta nemi abin da za ta ci in ba mai kawo mata, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Na ce wace larura ta fi wannan? Ya ce ɗauko gawa wajibin maza ne, in sun kasa Allah bai ɗora wa mace mai takaba ba. Sannan ya juya ga Sista, don a ganinsa daga can iskar ta kaɗo. Ya ce ashe ba ita ce take cewa Annabi Isa bai tare hanya ba? Ta ba shi labarin matar da alƙalin, kanta a ƙasa. Malam ya saurara har ƙarshe, shi mutum ne mai ba magana hakkinta. Ya ce labari ne mai kyau, amma matar wurin alƙali ta je, a zaurensa, ba ta hana mara lafiya da mai naƙuda wucewa a hanya ba. Daga baya Sista ta gaya mini cewa wannan magana ta fi ta fasto kama ta, don ita ta san irin waɗanda ake kwantarwa a bayan motocin da ke bin titin.

Ni na amsa masa. "Malam, sau biyu anka tai zauren alƙalin, ba shi nan. Alƙalin yanzu bisa kwalta shika wucewa da jiniya. In can shike, can za mu ishe shi."

"In kin hita, ba da izinina ba," in ji shi.

"Na sani, Malam."

"Gobe in wata taz zo tambayata hukuncin takaba, mi za ni ce mata, ɗiyata na bisa titi?"

"Ka ce mata abin da littahi yac ce. Ni mijina ya kwana ukku ƙarƙashin kalgo."

Malam ya juya ya fita. Tun da nake ban taɓa mayar masa da magana irin haka ba. Inna ta yi kuka ta ce na tona musu asiri a gari. Na bar ta ta yi, ni ma ina da nawa kukan.

Litinin da safe na dama wa yara koko, na ɗauki tabarma na fita ta gaban mazan da ke zaman makoki a ƙofar gida. A bakin tasha na tarar mata sun riga sun shimfiɗa tabarmi sun raba kwalta biyu. Ba mu kai ɗari ba. Sista ta zo da mata huɗu na cocinsu, duk cikin zanen zumunta. Na tambaye ta me ya hana ta sa fararen kayan asibiti, wanda ba mai ce mata kome a kansu. Ta ce don kada fasto ya ce bai gan ta ba. Wata mata daga baya ta ɗaga murya ta ce me ya kawo arna cikin sha'aninmu. Tsohuwa mai kifi ta ce mata in tana da wasu matan da za su cike gurbinsu ta je ta kawo, in ba ta da su ta gyara zama ta yi shiru.

Mu uku masu takaba aka sa a gaba, ni da matan sauran mamatan biyu. Ɗaya yarinya ce ƙarama da goyo. Motoci suka fara jeruwa ta kowane ɓangare, direbobi suna sauka da zagi, in an gaya musu dalili su koma gefe su yi tsit. Sista ta riƙa bin motocin tana leƙawa. Ta sa muka naɗe tabarmi aka wuce da wata mai naƙuda, aka kuma wuce da wani dattijo da ake riƙe wa robar ƙarin ruwa. Wasu suka yi gunaguni cewa haka zai kashe zaman. Ta ce wannan sharaɗin Malam ne, kuma ya yi gaskiya. Wasu samari suka gangaro da taya za su cinna mata wuta, tsohuwar ta bi su da kwandon kifi har suka bar wurin.

Da hantsi mota ta iso da masu kaki da bindigogi. Suka diddiro, babbansu ya nufo mu. Sai na ji ɗaya daga cikinsu ya daka tsawa da Turanci, bakin bindigogi duk suka juyo kanmu. Mata suka fara miƙewa, masu goyo suna neman hanyar gudu. Ni ban gane abin da ya faru ba sai da na bi idon mutumin, na ga hannuna yake kallo. Mu ukun da ke gaba kowacce da wuƙa tsirara a hannu, rana tana dukanta. Ba wadda ta yi tunanin a bar ta a gida. Kwana huɗu tana hannuna, na daina ma jin tana nan. Su kuwa baƙi ne daga wata ƙasa mai nisa, ba su san takaba ba, wuƙa suka gani.

Sista ce ta fara ganewa. Ta cire ɗankwalinta ta shimfiɗa a tafin hannu, ta tsuguna a gabana ta ce in kawo. Abin kunya, hannuna ya ƙi buɗewa. Ni malamar makaranta, ɗiyar malami, wadda ta san wuƙar nan ba ta tsare kowa daga kome, sai na ji kamar in na sake ta wani abu zai same ni. Sista ta yi magana ƙasa-ƙasa, da sauri. Ta ce a littafinsu, ranar da aka zo kama Yesu, ɗaya daga cikin mabiyansa ya zare takobi, ya ce masa ya mayar da shi kube. Mu da su mun saɓa a kan abin da ya faru a ranar, kuma ba lokacin gardama ba ne. Na buɗe hannuna. Ta biyun ma ta ba da tata. Yarinyar mai goyo ta ƙanƙame tata tana kuka, ta ce uwarta ta ce in ta saki mamacin zai riƙa zo mata.

Na dafa ta na ce, "Saki, ƙanwata. Malam ya ce ba ta cikin littahi."

Ta saki. Na yi amfani da sunan mutumin da nake zaune a wurin ba da izininsa ba, kuma sunan ya yi aiki. Ko a lokacin sai da abin ya ɗan ba ni dariya a ciki.

Sista ta ɗauki wuƙaƙen uku a ɗankwali, kanta a buɗe, ta taka a hankali ta ajiye a gaban takalmin babban nasu. Ya sunkuya ya ɗauki tawa ya jujjuya. Wuƙa ce da ko albasa sai an yi da gaske take yankawa. Ta yi masa bayani da Turanci, ta nuna mu, ta ce waɗannan su ne matan. Ya dube mu, ya ce wa mutanensa su sauke bindiga. Ya ce mu koma gida, ya yi alkawari gobe za a je. Tsohuwa mai kifi ta ce a gaya masa an yi mata gobe sau biyu, ɗanta ba zai ƙara kwana ba. Muka gyara zama. Ya koma gefe yana ta buga waya yana kai da komo. Kwalta ta yi zafi har ta ratsa tabarma, na ji ta a cinyoyina, na rantse a raina ko fata za ta saɓule ba zan tashi ba.

Ana gab da kiran azahar motoci biyu suka iso cike da masu bindiga. Mazan gari suka fito da tabarmi da shebur suna hawa. Sai ga Malam a cikinsu, da sandarsa, da ƙunshin farin yadi a hammata. Wani ya ce masa ya zauna, tafiyar ba ta tsofaffi ba ce. Ya ce wajibin maza ne, a kama masa ya hau. Ya wuce ta gabana, gefen rigarsa har ya taɓa tabarmata, bai dube ni ba. Da motocin suka ɓace muka naɗe tabarmi, muka buɗe hanya, na koma ɗakina.

Ba zan ce abin ya wuce lafiya ba. An sauke Sista daga shugabancin zumuntar mata, kuma har yau ita da fasto in sun haɗu sai sun taɓa maganar, kowa yana kan bakansa. Malam bai ƙara yi mini doguwar magana ba har na gama takaba, daga gaisuwa sai gaisuwa. Bai taɓa cewa na yi daidai ba. In an tambaye shi yakan ce ɗiyarsa ta yi kuskure, Allah ya yafe mata. Ina cewa amin, don ba na ƙin yafiya, amma ban taɓa cewa na tuba ba.

A ranar dai, bayan la'asar aka dawo da gawarwakin. Ba a shigo da maigidana gida ba. Tun a can aka zuba musu ruwa aka naɗe su, aka ƙara da tabarma a kan likkafani. Inna ta ce kada in nemi gani, ban kuma nema ba. Da rigarsa aka gane shi, da wata sifanarsa ta kwance noti a aljihu. Aka jera su a filin da ke bayan katangarmu. Na fito tsakar gida na jingina da bango, Sista tana gefena, muna jin motsin ƙafafu ana daidaita sahu.

Muryar Malam ta tashi da kabbara, jama'a suka amsa. Aka yi shiru. Ya sake. A ta uku muryar ta karye, sai da ya maimaita ta. Ya yi ta huɗu, ya yi sallama. Muka ji an sunkuci makara, ƙafafu suka nufi maƙabarta.

Sista ta fi shekara ashirin a cikinmu, amma ba ta taɓa tsayawa ta saurari sallar gawa daga farko zuwa ƙarshe ba. Ta jira ta ji ko za a yi wa'azi, ko a faɗi wani abu a kan mamatan. Da ta ji filin ya yi tsit sai ta dube ni.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Duk zaman kwaltar ga don wanga na?"

Na ce mata don wannan ne, kuma da ta fi haka gajarta ma da na fita. Sannan na zauna a gindin bango, na yi wa mijina kukan da na kwana huɗu ina riƙewa.